Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu: Tambayoyi da Amsoshi kan Abin da Ya Faru a Gida

In aka ambaci Amurka a yaƙin Hitila, hankalin mutane yakan tafi bakin daga, ko Normandi ta Faransa ko Hiroshima ta Japan. Tambayoyin da ke ƙasa, waɗanda ɗalibai da masu sha'awar tarihi ke yawan yi, sun fi karkata ga mutanen da aka bari a gida. An fara da masu sauƙi.

Yaushe Amurka ta shiga yaƙin, kuma me ya sa ta yi jinkiri?

Yaƙi ya ɓarke ranar 1 ga Satumba 1939 da Jamus ta afka wa Poland, amma Amurka ba ta shiga ba sai Disamba 1941. Babban dalili shi ne tabon yaƙin duniya na farko. Ta shiga wancan a 1917, ta rasa sojoji wajen 116,000, da aka gama kuma jama'a suka ga ba abin da suka tsinta, ƙasashen Turai ma sun kasa biyan bashin da suka ci. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Daga 1935 majalisa ta yi ta kafa dokokin da suka hana sayar wa masu yaƙi makamai ko ba su rance.

Ga kuma talauci. Tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a 1929, har a 1933 ta kai ga cikin kowane ma'aikaci huɗu ɗaya ba shi da aiki. Mai neman abin da zai ci yau ba ya damuwa da rikicin Turai. A 1940 aka kafa ƙungiyar America First don hana shiga yaƙi, kuma fitaccen mai magana da yawunta shi ne Charles Lindbergh, matuƙin da ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai a 1927.

Ke nan kafin Disamba 1941 ba ruwanta da yaƙin?

A takarda kawai. Shugaba Franklin Roosevelt ya daɗe da sanin inda zuciyarsa take, yana dai bin jama'a a hankali. Bayan faɗuwar Faransa a Yuni 1940 ra'ayi ya fara juyawa. A Satumba aka kafa dokar ɗaukar soja na dole, karo na farko a tarihin ƙasar da aka yi haka ba ana cikin yaƙi ba. A Maris 1941 aka zartar da dokar aro da haya, wadda ta ba shugaban ƙasa damar tura makamai da abinci da mai ga duk ƙasar da ya ga tsaronta ya shafi Amurka, a yi maganar biya daga baya. Kafin yaƙin ya ƙare an tura kayan kusan dala biliyan 50, Ingila ta samu kimanin biliyan 31, Tarayyar Sobiyet biliyan 11.

A ƙarshen 1941 jiragen ruwan yaƙin Amurka na raka ayarin jiragen kaya a Atlantika, har Jamusawa suka nutsar da ɗaya daga cikin jiragen yaƙin, mai suna Reuben James, a ƙarshen Oktoba.

Me ya sa Japan ce ta kai hari, ba Jamus ba?

Saboda mai. Japan na yaƙi a ƙasar Sin tun 1937, kuma mafi yawan man da take amfani da shi daga Amurka take saye. Da ta mamaye kudancin Indochina (yankin da yau ya ƙunshi Vietnam da Laos da Kambodiya) a Yuli 1941, Amurka ta riƙe kadarorinta ta kuma toshe mata mai. Shugabannin sojan Japan suka yanke shawarar ƙwace rijiyoyin mai na tsibiran da yau ake kira Indonesiya, kuma suka ga dole su karya rundunar ruwan Amurka tukuna.

Safiyar Lahadi, 7 ga Disamba 1941, jiragensu suka faɗa wa sansanin Pearl Harbor a Hawaii. Amurkawa 2,403 suka mutu, 1,177 daga cikinsu a jirgi ɗaya, Arizona. Washegari majalisa ta ayyana yaƙi da Japan. Mutum ɗaya tak ya ƙi amincewa, wata 'yar majalisa daga jihar Montana mai suna Jeannette Rankin. Ranar 11 ga watan Hitila da kansa ya shelanta yaƙi da Amurka, Italiya ta bi shi. Da haka ya sauke wa Roosevelt nauyin shawo kan jama'arsa su yarda a yaƙi Jamus.

Mutum nawa suka tafi, nawa ba su dawo ba?

Sama da miliyan 16 ne suka sa kaki, cikin al'ummar da ba ta wuce miliyan 132 ba a ƙidayar 1940. Kimanin miliyan 10 ɗaukar dole ce ta kai su. Waɗanda suka mutu sun kai kusan 405,000. Adadi ne mai yawa, amma in aka ajiye shi kusa da na Tarayyar Sobiyet, wadda ta rasa sama da mutum miliyan 20, za a gane cewa yaƙin da Amurka ta gani daban ne.

Gidan da ke da ɗa a soja yakan rataya ƙaramar tuta a taga mai tauraro shuɗi, tauraro ɗaya ga kowane ɗa. In ya mutu sai a mayar da tauraron ruwan zinariya. Labarin mutuwa kuwa ta wayar tangaraho yake zuwa, shi ya sa ganin ɗan aiken kamfanin Western Union ya shigo layi yakan sa gaban iyaye mata ya faɗi. A garin Waterloo na jihar Iowa, gida ɗaya ya rasa 'ya'ya maza biyar, 'yan gidan Sullivan, da aka nutsar da jirginsu Juneau a Nuwamba 1942.

An taɓa kai hari cikin ƙasar Amurka kanta?

Kaɗan ƙwarai. A farkon 1942 jiragen ƙarƙashin teku na Jamus sun yi ta nutsar da jiragen kaya dab da gaɓar gabas, har mutane na hango wutar daga bakin teku. Japan ta kama tsibiran Attu da Kiska na Alaska a Yuni 1942. Daga baya ta saki balan-balan kusan 9,000 ɗauke da bama-bamai don iska ta kai su Amurka. Ɗaya ya kashe wata mace da yara biyar kusa da garin Bly a jihar Oregon ranar 5 ga Mayu 1945. Ban da wannan, ba birnin da aka rusa, ba masana'antar da aka ƙona. Wannan shi ne tushen amsar da ke biye.

Da gaske ne yaƙin ya fitar da Amurka daga talauci?

Gaskiya ne, ko da yake ba ta da daɗin ji. Shirye-shiryen Roosevelt na shekarun 1930 sun rage raɗaɗi, amma a 1940 har yanzu kusan kashi 15 cikin 100 na ma'aikata na zaune. A 1944 adadin ya sauko ƙasa da kashi 2. Gwamnati ce ta zama babban mai saye, tana odar kaya ba ta tambayar tsada.

A Fabrairu 1942 aka dakatar da ƙera motocin farar hula baki ɗaya. Kamfanonin Detroit suka koma yin tankoki da manyan motocin soja da injinan jirgi. Ford ya gina masana'antar Willow Run a Michigan, wadda a 1944 take fitar da jirgin yaƙi samfurin B-24 kusan ɗaya a kowace sa'a. An ƙera jiragen ruwan dakon kaya samfurin Liberty guda 2,710. A tashar Henry Kaiser da ke Richmond a Kalifoniya, an taɓa haɗa ɗaya cikin ƙasa da kwana biyar, don nuna bajinta. Jimillar jiragen sama da aka ƙera ta kusa 300,000.

Aiki ya jawo ƙaura. Miliyoyin mutane suka baro ƙauyukan kudu da tsakiyar ƙasa zuwa Kalifoniya da Detroit da biranen gaɓar teku, inda gidaje suka yi kaɗan. A wasu unguwanni gado ɗaya ake haya wa mutum biyu ko uku: mai aikin dare ya dawo ya kwanta inda mai aikin safe ya tashi. Wannan cunkoso na da hannu a tarzomar Detroit da za a ambata a amsar baƙaƙen fata.

In kuɗi sun yawaita, me ya kawo rabon kaya da kati?

Kuɗin ne suka yi yawa, kayan saye suka yi kaɗan, domin soja da ƙawayen Amurka ke kwashe kaso mai tsoka. Da an bar kasuwa yadda take, da farashi ya yi tashin gwauron zabi. Sai hukumar kula da farashi ta ƙayyade kuɗin kaya, ta kuma raba wa kowa littafin tambura, har jarirai. An fara da tayar mota a Janairu 1942, saboda Japan ta kama Malaya (ɓangaren Malesiya ta yau) da sauran wuraren da roba ke fitowa. Sukari ya biyo a Mayu, rabin laba ga mutum a mako, sai gahawa a Nuwamba, fetur a duk ƙasa a Disamba, takalma da nama da man shanu da abincin gwangwani a 1943. Mai motar da ba ta aikin yaƙi ba galan uku zuwa huɗu yake samu a mako, kuma an hana gudu fiye da mil 35 a sa'a. Ba don ƙarancin fetur kaɗai aka yi haka ba, tayoyi ake tattali.

Uwargida in za ta kanti sai ta riƙe kuɗi a hannu ɗaya, littafi a ɗayan: jan tambari na nama da mai, shuɗi na kayan gwangwani. Ko kana da kuɗi, in tamburanka sun ƙare sai ka jira. Man da ya rage a kasko ba a zubarwa, a tace shi a gwangwani a kai wa mahauci, ya biya 'yan kwabbai, daga baya ma har da ƙarin tamburan nama, domin ana sarrafa shi a yi abin fashewa. An yi lambuna kusan miliyan 20 a bayan gidaje da filayen makarantu. Kasuwar bayan fage ma ta ci, musamman ta nama da tamburan fetur na jabu. Amma a faɗi gaskiya, ba wanda ya yi yunwa irin wadda aka yi a birnin Leningrad na Tarayyar Sobiyet ko yankin Bengal na Indiya. Talakawa da yawa sun fi cin abinci mai kyau a lokacin yaƙi fiye da shekarun da suka gabace shi.

Wa ya biya kuɗin yaƙin?

An kashe sama da dala biliyan 300. Ƙasa da rabi daga haraji ya fito, sauran bashi ne. Kafin yaƙi harajin kuɗin shiga na masu hali ne, mutum wajen miliyan 4 ke biya a 1939. Zuwa 1945 sun haura miliyan 40, kuma mafi girman matakin harajin, na manyan masu kuɗi, ya kai kashi 94 cikin 100. A 1943 aka fara cire haraji daga albashi tun kafin ya shiga hannun ma'aikaci, tsarin da ake bi har yau.

Bashin kuwa daga jama'a aka karɓi mai yawa, ta takardun lamuni. Ka ba da dala 18.75, bayan shekara 10 ka karɓi dala 25. 'Yan makaranta na sayen tambarin santi 10 suna liƙawa a littafi har ya cika. Mutum kusan miliyan 85 suka saya.

Wani abu da ya samo asali a nan: tunda gwamnati ta hana ƙarin albashi barkatai, kamfanonin da ke rububin ma'aikata sai suka riƙa jawo su da inshorar lafiya. Dalilin da ya sa har gobe lafiyar mafi yawan Amurkawa ke ɗaure da wurin aikinsu ke nan.

Yaya mata suka kasance?

Mata masu aikin albashi sun tashi daga kimanin miliyan 12 zuwa kusan miliyan 19. Sabon abu shi ne irin aikin da kuma su waye: matan aure masu 'ya'ya suna walda a tashar jiragen ruwa, suna haɗa fikafikan jirgi. Wajen 350,000 sun shiga soja a matsayin malaman jinya, akawu, direbobi, ga kuma matuƙa farar hula sama da 1,000 da ke kai sababbin jirage sansanoni, inda 38 suka rasu. Albashinsu bai kai na maza ba, kuma tun farko an gaya musu na ɗan lokaci ne. Da yaƙi ya ƙare aka sallami da yawa don a ba sojojin da suka dawo wuri.

Baƙaƙen fata fa? Sun amfana?

Sun samu abin da suka ƙwata da ƙarfi. Da masana'antun makamai suka fara ɗaukar ma'aikata, da yawa sun ƙi ɗaukar baƙar fata. A. Philip Randolph, shugaban ƙungiyar ma'aikatan taragon kwana na jirgin ƙasa, ya yi barazanar kai dubban mutane zanga-zanga Washington. Roosevelt ya ga abin kunya ne a idon duniya, sai a Yuni 1941 ya sa hannu kan umarni mai lamba 8802 da ya hana wariya a masana'antun tsaro. A 1942 jaridar baƙaƙen fata mai suna Pittsburgh Courier ta fara gangamin neman nasara biyu, ɗaya a kan maƙiya a waje, ɗaya a kan wariya a gida.

Sama da miliyan ɗaya sun shiga soja, amma a rundunoni na daban, galibi ƙarƙashin hafsoshi farare, kuma mafi yawa dako da tuƙi da girki aka ba su. Hatta jinin da aka tara don masu rauni an ware na baƙi da na farare. Doris Miller, mai hidimar ɗakin cin abinci a jirgin West Virginia, ya kama bindigar kakkaɓo jirage ranar Pearl Harbor ba tare da an taɓa koya masa ba. Matuƙan jiragen yaƙi baƙaƙen fata da aka horar a garin Tuskegee sun yi suna a Italiya. Amma a kudancin Amurka, sojan baƙar fata sanye da kaki yakan ga an shigar da fursunonin yaƙi Jamusawa gidan abincin da shi aka hana shi shiga.

A Yuni 1943 tarzoma ta tashi a Detroit, mutum 34 suka mutu, 25 baƙaƙe. A Yuli 1944 harsasai suka fashe a tashar Port Chicago ta Kalifoniya, mutum 320 suka hallaka, 202 baƙaƙen sojojin ruwa masu lodi. Da waɗanda suka tsira suka ƙi komawa aiki a yanayi iri ɗaya, aka yanke wa 50 hukuncin tawaye, ba a wanke su ba sai 2024. Sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a soja. Yadda aka yi da su wajen rabon amfanin bayan yaƙi yana amsa ta ƙarshe.

Me aka yi wa Amurkawa 'yan asalin Japan?

Ranar 19 ga Fabrairu 1942 Roosevelt ya sa hannu kan umarni mai lamba 9066, wanda ya ba soja ikon kwashe mutane daga gaɓar yamma. An kwashe kusan 120,000, kashi biyu cikin uku haifaffun Amurka ne masu cikakken 'yancin ɗan ƙasa. An ba su 'yan kwanaki su tattara abin da hannu zai iya ɗauka. Gonaki da kantuna da motoci aka sayar a wulaƙance. Wasu an fara ajiye su a bargar dawaki ta filin sukuwa na Santa Anita, kafin a kai su sansanoni 10 masu waya mai ƙaya, irin su Manzanar da Tule Lake a Kalifoniya da Heart Mountain a Wyoming.

An ce tsaro ne, amma hujjar ba ta tsaya ba. A Hawaii, inda aka kai harin kuma sama da kashi ɗaya cikin uku na mazauna 'yan asalin Japan ne, waɗanda aka tsare ba su kai 2,000 ba, don in an kwashe su aiki zai tsaya. An tsare wasu dubban Jamusawa da Italiyawa, amma ɗaiɗai aka bi su, ba a kwashe al'ummarsu ba. Fred Korematsu ya ƙi tafiya, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1944 alƙalai shida cikin tara suka ba gwamnati gaskiya. Duk da haka samari daga sansanonin suka shiga runduna ta 442, wadda ta kwashi lambobin yabo a Italiya da Faransa alhali iyayensu na tsare. A 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu kan dokar neman afuwa, aka biya kowane mai rai dala 20,000.

Wa ya yi noma da maza suka tafi?

Mata da 'yan makaranta, sai leburori daga Meziko ƙarƙashin yarjejeniyar Bracero ta 1942, wadda ta ci gaba har 1964. An kuma yi amfani da fursunonin yaƙi sama da 400,000 da aka kawo Amurka, galibinsu Jamusawa, wajen tsinkar auduga da sare itace.

A ina aka haɗa bam ɗin ƙare-dangi, kuma jama'a sun sani?

Ba su sani ba. An gina garuruwa uku a asirce: Oak Ridge a Tennessee, Hanford a jihar Washington, da Los Alamos a New Mexico. Oak Ridge ya kai mutum 75,000 amma babu shi a taswira. 'Yan mata da suka gama sakandare na zaune gaban na'ura suna murɗa maɓalli don allura ta tsaya inda aka ce, ba su san yuraniyom suke tacewa ba. Mafi yawan ma'adinin daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito. An kashe kusan dala biliyan 2. Truman kansa, yana mataimakin shugaban ƙasa, bai samu cikakken bayani ba sai da Roosevelt ya rasu ranar 12 ga Afrilu 1945. An gwada bam ɗin ranar 16 ga Yuli, aka jefa a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, Nagasaki ranar 9.

Akwai abin da ya haɗa wannan da ƙasar Hausa?

Akwai. Da hanyar Bahar Rum ta zama haɗari, jiragen saman da Amurka ke ƙerawa sun riƙa biyowa ta Brazil su ƙetaro Atlantika zuwa Akkara, su yada zango a Kano da Maiduguri, su wuce Al-Fashir da Hartum zuwa Alƙahira, wasu har Indiya da Sin. Ingilawa ne suka buɗe hanyar daga Takoradi ta Ghana ta yau a 1940, kamfanin Pan American ya shigo a 1941, daga baya sojan saman Amurka ya karɓa. Faɗuwar Malaya da ta sa aka ƙayyade taya a Amurka ita ce ta sa Ingila ta matsa wa mahaƙar kuza ta Jos, aka kwashi mutanen Arewa aikin tilas daga 1942 zuwa 1944. Sojojinmu da suka je Bama kuwa ƙarƙashin Ingila suka yi yaƙi, a runduna ta 81 da ta 82.

Me ya hana a koma talauci da miliyoyin sojoji suka dawo?

An ji tsoron haka sosai, kuma shekarar farko ba ta yi sauƙi ba: farashi ya tashi da aka cire ƙayyadewa, ma'aikata sama da miliyan huɗu suka yi yajin aiki a 1946. Amma jama'a na riƙe da ajiyar shekaru huɗu da takardun lamunin da aka yi bayani a sama, suna ƙishin mota da firji da gida, masana'antunsu kuma lafiya lau alhali na Turai da Japan sun zama kufai.

Sai dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta Yuni 1944. Ta biya kuɗin makaranta da na zama, ta tsaya wa soja ya ci bashin gida ko gona, ta kuma ba marar aiki dala 20 a mako har shekara guda. Kusan miliyan 7.8 suka yi karatu ko koyon sana'a, miliyan 2.2 a manyan makarantu. A 1947 kusan rabin ɗaliban jami'o'in ƙasar tsofaffin sojoji ne. Dokar ba ta ambaci launin fata ba, amma bankuna da ofisoshin jihohi aka bar wa aiwatarwa. Wani bincike da aka yi a biranen jihar Mississippi a 1947 ya gano cewa cikin rance sama da 3,200 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji, biyu kacal suka je hannun baƙaƙen fata.